Benjamin Osuntokun: Likitan da ya bi sawun ciwon tangaɗi har cikin kwanon gari

A shekarun 1960 asibitin koyarwa na Ibadan ya riƙa karɓar wasu majinyata masu tafiya kamar mashaya, alhali ba su sha komai ba. Suna buɗe ƙafafu, suna buga su da ƙasa, idanunsu na kan hanya. Da an ce su tsaya su runtse ido, sai su yi luuu za su faɗi. Likitan da ya duƙufa kan wannan ciwo shi ne Benjamin Oluwakayode Osuntokun.

An haife shi a 1935 a Okemesi, cikin jihar Ekiti ta yanzu. Ya kammala karatun likita a Ibadan a 1961, sannan ya ƙware kan cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a Birtaniya. Da ya dawo gida sai ya lura cewa yawancin masu ciwon talakawa ne daga yankin Epe da Ijebu, waɗanda kusan ba su da abinci sai rogo, safe da dare.

Tsayuwar mutum ta dogara ne da ido, da cikin kunne, da kuma jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa ta taka. A jikin waɗannan majinyata jijiyoyin ƙafa da na laka sun lalace, don haka da ido kaɗai suke lallaɓawa. Shi ya sa tafiyarsu ke ƙara rikicewa da dare. Da yawansu kuma gani da ji sun ragu, abin ya zame musu goma da ashirin.

A rahoton da ya wallafa a 1968 da binciken da ya biyo baya, Osuntokun ya nuna cewa jininsu na ɗauke da alamar gubar sayanaid mai yawa. Gubar tana cikin rogo mai ɗaci, kuma jiƙawa da tsimawa da shanya su ke rage ta. Jiki na buƙatar abinci mai gina jiki kamar wake, gyaɗa, kifi ko nama kafin ya iya kashe abin da ya saura. Daga baya wasu masana sun ce ƙarancin bitamin B1 ma na da hannu a ciwon.

Ya zama farfesa a 1970, ya kuma shugabanci asibitin koyarwa na Ibadan a shekarun 1980. A ƙarshen rayuwarsa ya koma binciken ciwon mantuwa a tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanapolis a Amurka. Ya rasu a 1995 yana da shekara 60.

Aikinsa ya shafi mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, inda garin rogo ke rufe ɓaraka idan rumbun gero ya ƙare da damina. Garin da aka sarrafa da kyau ba abin tsoro ba ne. Haɗarin yana ga rogo mai ɗaci da aka gaggauta, aka kuma daɗe ana cinsa tsurarsa. Mai aiko da kuɗin cefane daga birni ko ƙetare ya tuna da wake da ƙuli-ƙuli. In kuwa wani a gida ya fara tangaɗi ko dafa bango cikin duhu, a kai shi asibiti tun da wuri.