Ibn Tumart: Malamin da ya girgiza Maroko daga ƙauyen Tinmel

Ƙauyen Tinmel yana can cikin tsaunukan Atlas, kimanin kilomita 100 kudu da birnin Marrakesh. A nan ne Muhammad Ibn Tumart ya kafa tafiyar da ta kifar da daular Murabiɗun.

An haife shi ne wajen shekarar 1080 a yankin Sus na kudancin Maroko, cikin ƙabilar Hargha, wani reshe na Barbar ɗin Masmuda. Ya tafi gabas neman ilmi har Bagadaza, ya kuma dawo da zafin wa'azi, yana fasa tulunan giya da kayan kiɗa a garuruwan da ya ratsa. A kusa da Bijaya, cikin Aljeriya ta yau, ya haɗu da Abdul Mumin, saurayin da zai gaje shi.

Da ya isa Marrakesh sai ya yi fito-na-fito da Sarki Ali ɗan Yusuf da malaman fadarsa, yana zarginsu da siffanta Allah da siffofin halitta. Daga nan ya koma tsaunuka, inda a 1121 mabiyansa suka yi masa mubaya'a a matsayin Mahadi.

Wajen 1124 ya tare a Tinmel, wurin da sai ta ƙananan hanyoyi masu wuyar bi ake isa, abin da ya hana dawakin sarki cim masa. Ya koyar da tauhidi da harshen Barbar domin talaka ya fahimta, ya kafa majalisar mutum goma da ta shugabannin ƙabilu hamsin. Ana kiran mabiyansa Muwahhidun.

Sai dai mulkin nasa ba shi da sassauci. An yi tankaɗe da rairaya a tsakanin mabiyan, aka kashe da dama daga waɗanda ake shakkar biyayyarsu.

A 1130 dakarunsa suka sha mummunan kaye a ƙofar Marrakesh, shi kuma ya rasu bayan 'yan watanni. Masu tarihi sun ce an ɓoye mutuwar tasa har shekara uku.

Abdul Mumin ne ya ci Marrakesh a 1147, daular ta kai har Andalus. Shi ya gina babban masallacin Tinmel kusa da kabarin malaminsa, a ƙauyen kuma aka binne shi. Girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 ta rusa akasarin masallacin.