Marigayiya Ladi Kwali, Gwanar Zanen Tukwane

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, mu da muka yi karatu a garin da ke ɗauke da sunan Gwari, ya kamata mu san tarihin matar da ke bayan takardar naira ashirin. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa wajen 1925 a ƙauyen Kwali da ke cikin yankin Abuja a yau.

Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar uwar iyayenta. Ba ta shiga aji ba, amma ƙa'idojin zane da aka koya mana a allo duk suna jikin tulunanta. Takan raba cikin tulu gida-gida da layuka, ta zana kunama ko ƙadangare ko kada ko hawainiya a kowane gida, ta maimaita su a kewaye yadda wani ɓangare ba zai rinjayi wani ba.

Sarkin Abuja ta da, wato Suleja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fada. A can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su a 1950. A 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin. Nan ta koyi cusa farar ƙasa a cikin zanen, a shafe tulun da ruwa mai sheƙi, a gasa a tanderu. Sai farin layi ya fito fili a kan duhun yumɓu. Wannan shi ne sirrin launi: haske ba ya fita sai kusa da duhu.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

Yanzu jarka da bokitin roba sun ture tulu a gidajenmu, masu ginin kuma suna ƙarewa. Ina roƙon ƙungiyarmu ta taimaka wa makarantarmu da kayan darasin zane, don kada wata Ladi ta tashi a ƙauyukan dajin Birnin Gwari ba wanda ya lura da ita. Allah Ya jiƙanta.