Malam Aminu Kano da darasin ƙawancen 1964

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai ka ji 'yan siyasa sun shiga ƙulle-ƙullen ƙawance, kowa na neman kafaɗar da zai dafa. A irin wannan lokaci nakan so mu waiwayi rayuwar Malam Aminu Kano, domin a ganina babu ɗan siyasar Arewa da ya ɗanɗani zumar ƙawance da maɗacinsa kamarsa.

An haifi Malam a birnin Kano a 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a can kuma ya shaƙu da Sa'adu Zungur. Bayan ya ƙaro ilimi a Landan aka tura shi Maru. A 1950 ya ajiye aiki ya rungumi NEPU, jam'iyyar da mutum takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan shekarar, cikinsu har da namu na nan Ɗanbatta, marigayi Magaji Ɗanbatta. A 1953 Malam ya zama shugabanta.

Kukan NEPU kukan manomi ne: haraji da jangali da aikin tilas da danniyar En'e. Sai dai jam'iyyar talakawa ba ta da kuɗi, don haka ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe. A zaɓen 1959 babu jam'iyyar da ta sami rinjaye a majalisa mai kujeru 312, sai NPC da NCNC suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa. NEPU ta tsira da kujeru 8, Malam ya ci ta Kano ta Gabas. Nan fa aka ga abin al'ajabi: a Legas yana ɓangaren gwamnati a matsayin mataimakin mai tsawatarwa, a gida kuwa kotunan En'e na ɗaure magoya bayansa.

Shekarar 1964 ce ta tona asirin wannan zaman doya da manja. A watan Fabrairu aka fitar da sakamakon ƙidayar 1963, wanda ya bai wa Arewa fiye da rabin jama'ar ƙasa, NCNC ta ƙi amincewa. A watan Yuni ma'aikata suka tafi yajin aikin gama-gari. Kafin ƙarshen damina ƙasa ta rabu gida biyu: NPC da NNDP ta Akintola sun kafa NNA, su kuma NCNC da AG sun kafa UPGA, wadda NEPU da UMBC ta Joseph Tarka suka shiga. A mazaɓu da dama na Arewa 'yan adawa sun kasa ko miƙa takardun takara, aka ce 'yan NPC sun wuce ba hamayya. UPGA ta yi kiran a ƙaurace wa zaɓen 30 ga Disamba, amma a Arewa an kaɗa ƙuri'a, Malam ya rasa kujerarsa.

Azikiwe ya yi kwanaki bai kira kowa ya kafa gwamnati ba, sai ranar 4 ga Janairun 1965 ya gayyaci Tafawa Ɓalewa. Da ƙura ta lafa, NCNC ta koma gwamnati da ministocinta, NEPU kuwa ta tashi a tutar babu. Bayan shekara guda sojoji suka kifar da jamhuriyar.

Abin da ya sa nake girmama Malam shi ne, faɗuwar ba ta raba shi da mutanensa ba, domin tun asali ƙarfinsa ba a Legas yake ba, yana kasuwannin ƙauye da zaurukan manoma. Ya yi kwamishina a gwamnatin Gawon daga 1967, sannan ya jagoranci PRP, wadda a 1979 ta ci Kano da Kaduna da ƙafarta, ba da sandar kowa ba. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da shekarun ƙawance suka kasa samar wa manomin Ɗanbatta.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983. Ba cewa nake ƙawance laifi ne ba, a ƙasa irin tamu babu makawa sai da shi. Amma duk wanda zai shiga, ya fara tambayar kansa me zai rage a hannunsa ranar da manya suka shirya tsakaninsu. Allah Ya jiƙan Malam da rahama, amin.