Dietrich Bonhoeffer: Faston Da Ya Koma Gida Ya Tari Mutuwa

An haifi Dietrich Bonhoeffer ran 4 ga Fabrairu 1906 a birnin Breslau, wanda a lokacin yake cikin Jamus. Ɗan babban gida ne, mahaifinsa shahararren likitan ƙwaƙwalwa. Yana da shekara 21 ya sami digirin dakta a ilmin tauhidi a Jami'ar Berlin, daga baya aka naɗa shi fasto.

Da Hitila ya hau mulki a 1933, sai magoya bayansa suka nemi su mai da ikkilisiya 'yar amshin shata, su kuma kori fastoci masu asalin Yahudawa. Malamai da yawa suka bi. Bonhoeffer ya ƙi. A 1935 ya shugabanci makarantar horar da fastoci a Finkenwalde, har 'yan sandan ciki suka rufe ta a 1937.

A shekarar ce ya fito da littafinsa a kan almajiranci. A ciki ya nuna cewa alherin Allah kyauta ne, Shi ke bayarwa bisa ikonSa, ba a sayensa da aiki. Amma wanda ke son gafara ba tuba, albarka ba biyayya, ya mai da alherin araha. Alheri na gaskiya yana da tsada, domin Yesu Almasihu da ransa ya biya, wanda ya amsa kiransa kuwa sai ya ɗauki gicciye.

To, a 1939 yaƙi ya matso, abokai suka samo masa mafaka a Amurka. Bai cika wata guda ba ya juyo gida. A ganinsa, wanda bai sha wuya tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana ranar gyara ƙasa. Ya shiga cikin masu shirin kawar da Hitila, ya taimaki waɗansu Yahudawa suka tsere zuwa Suwizalan.

Aka kama shi a Afrilu 1943, watanni kaɗan bayan an yi masa baiko. Ya shekara biyu a tsare, yana ƙarfafa 'yan'uwansa fursunoni. Ran 9 ga Afrilu 1945 aka rataye shi a sansanin Flossenbürg yana da shekara 39. Bayan mako biyu sojojin Amurka suka kame sansanin.

A 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a majami'ar Westminster ta Landan, cikin jerin shahidai goma na ƙarni na 20.