Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Magina

Duk ɗalibin da ya nemi ɗakin haya a Unguwar Rimi ya san tsadar siminti a kanmu take ƙarewa. Ga kuɗin haya, ga ɗakin bulo da kwano da ke zama tanda in bazara ta yi. To, kusan shekara 200 da suka wuce an yi wani magini a Zariya da bai taɓa ganin buhun siminti ba, amma har gobe ana nazarin aikinsa.

Sunansa Muhammadu Durugu, wasu kan ce Malam Mika'ilu, an fi saninsa da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Kayan aikinsa duk na gida ne. Tubali na ƙasa da ciyawa, rana ke busar da shi, babu itacen gashi. Azara daga giginya, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba. Matsalar azara ita ce in tazara ta yi tsawo ba ta ɗaukar nauyin rufi. Sai ya riƙa ɗaura ta hawa-hawa a cikin ƙasa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗe a sama su ba da bakan gizo. Da haka ya rufe zaure mai faɗi, katangarsa mai kauri tana tare zafin rana.

Sunansa ya kai har Bauchi. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki aikinsa ne, kuma a 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Ana ba da labarin cewa a Birnin Gwari aka kashe shi bayan ya gama masallaci, don kada ya gina wa wani sarki irinsa. A Zariya har yau akwai unguwa mai sunansa.

Amma fa ginin ƙasa ba ya son sakaci, sai da yaɓe da duba indararo kafin damina. A Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu.

Yanzu akwai injin matse bulon jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan. 'Yan uwanmu na Barnawa masu karatun gini su gwada ƙarfinsa, mu na Unguwar Rimi masu karatun kasuwanci mu fitar da lissafin da zai gamsar da mai gidan haya.