Harry Brearley: Mai wankin kwalabe da ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa

An haifi Harry Brearley ranar 18 ga Fabrairun 1871 a Sheffield, birnin Ingila da ya shahara da ƙera wuƙaƙe. Mahaifinsa mai narka ƙarfe ne a masana'antar Thomas Firth, kuma gidansu ba na masu hali ba ne. Yana shekara 12 ya bar makaranta ya kama aikin ƙarfi a masana'antar, daga baya aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje yana wanke kwalabe. A nan shugaban ɗakin, James Taylor, ya ga alamar basira a tattare da shi, ya ja shi a jiki. Yaron ya duƙufa ga karatun dare har ya zama gwani wajen tantance abin da ke cikin ƙarfe. Kamfanin ya tura shi aiki birnin Riga, kuma a 1908 aka damƙa masa shugabancin sabon ɗakin bincike na Brown Firth.

Abin da ya ɗaukaka sunansa ba shi ya fita nema ba. A 1912 aka nemi ya binciki dalilin da ya sa cikin bututun bindiga ke saurin zaizayewa saboda zafin harbi. Ya shiga gauraya ƙarfe da sinadarin kuromiyam a ma'auni daban-daban. Ranar 13 ga Agustan 1913 aka narka wani haɗi mai kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari da kabon kashi 0.24. Al'adar masu wannan aiki ita ce a goge ɗan guntun ƙarfe, a shafa masa ruwan asid na naitirik don ya ɗan ci fuskarsa, sannan a duba ƙirarsa a madubin ƙara girma. Wannan guntun ya ƙi ciwuwa. Wani zai ɗauki hakan a matsayin cikas ga aikin ranar, ya jefar ya wuce. Brearley kuwa, ɗan garin maƙeran wuƙa ne, ya san yadda masu gida ke fama da goge wuƙaƙen cin abinci kullum. Sai ya gwada ƙarfen da ruwan kal da ruwan lemun tsami. Ko tabo bai yi ba.

Sirrin yana cikin wata fata da ido ba ya gani. Idan kuromiyam ya kai kusan kashi 10.5 cikin ɗari na ƙarfe, yakan haɗu da iskar oksijin ya shimfiɗa wani siririn rufi a bisa fuskar ƙarfen, wanda kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba, wato ya fi silin gashi siranta sau dubbai. Tsatsar baƙin ƙarfe garas-garas take, tana ɓarewa, ruwa ya ratsa ya ci na ƙasa. Wannan rufin kuwa a manne yake, ba ƙofa, kuma in an karce shi yakan sake haɗuwa da kansa muddin akwai iska. Tun 1836 Michael Faraday ya yi hasashen cewa irin wannan fata ce ke hana asid mai ƙarfi cin baƙin ƙarfe, amma sai a 1927 Ulick Evans na Jami'ar Cambridge ya iya ɗaye ta daga jikin ƙarfe aka gan ta. Rufin yana da abokin gaba, wato gishiri, wanda ke huda shi ya bar ƙananan ramuka. Shi ya sa har yau ake tsoma kayan da aka ƙera cikin asid na naitirik, wancan dai da ya ƙi cin guntun Brearley, domin ya wanke ɓurɓushin baƙin ƙarfe ya ƙarfafa fatar, wasu masu bincike kuma suna ɗora mata ƙarin siraran rufi na oksayid ɗin alminiyam ko titaniyam.

Shugabannin Firth ba su yi ɗoki ba, maƙeran da aka fara bai wa ƙarfen kuma suka ce yana da wuyar sarrafawa. Wanda ya yarda da shi shi ne Ernest Stuart, manajan sashen wuƙaƙe na kamfanin R. F. Mosley. Da shi aka gano yadda za a ƙera ƙarfen a taurara shi, kuma shi ake jingina wa sunan Turancin da ya bi ƙarfen, mai ma'anar marar tabo. Da kasuwa ta fara buɗewa sai rigima ta tashi: kamfani ya ce abin da ma'aikaci ya gano a bakin aiki nasa ne, Brearley ya ce yana da haƙƙi a ciki. Ya ajiye aiki a 1915 ya koma kamfanin Brown Bayley, inda daga baya ya zama darakta.

Adalci ne a ce ba shi kaɗai ya isa wannan mashigi ba. A Jamus, Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp sun yi rajistar nasu haɗin tun 1912, a Amurka kuma Elwood Haynes yana kan irin wannan aiki. Nau'in da ya fi yawa a cokula da tukwane a yau, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, magajinsa a Brown Firth, W. H. Hatfield, ya fito da shi a 1924. Rabon Brearley shi ne ya gane amfanin abin da ke hannunsa, ya kuma nace har ya isa teburin cin abinci.

An ba shi lambar zinare ta Bessemer a 1920. A 1941 ya kafa gidauniyar Freshgate da dukiyarsa, domin waɗanda suka taso cikin rashi irin nasa su sami damar ilimi da tafiye-tafiye da kiɗa. Ya rasu a garin Torquay ranar 14 ga Yulin 1948, yana da shekara 77.