Francis Scott Key

Francis Scott Key (1 ga Agusta, 1779 zuwa 11 ga Janairu, 1843) lauya ne ɗan Amurka daga jihar Maryland, wanda ya rubuta waƙar da ta zama taken ƙasar, mai suna The Star-Spangled Banner. Waƙa ba sana'arsa ba ce, jefi-jefi yake rubuta ta don biki ko don coci. Ya tsara baitocin a watan Satumba na 1814, bayan ya kwana cikin jirgin ruwa yana kallon sojojin Birtaniya suna ruwan bama-bamai a kan sansanin Fort McHenry da ke tsaron birnin Baltimore. Daga 1833 zuwa 1841 shi ne babban mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a birnin Washington. Waƙarsa tana yabon Amurka a matsayin ƙasar mutane masu 'yanci, alhali shi kansa ya mallaki bayi har ranar mutuwarsa, kuma wannan ne ya sa har yau ba a daina jayayya a kan sunansa ba.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Key a gonar iyayensa mai suna Terra Rubra, wato jar ƙasa da harshen Latin, a yankin Frederick na Maryland. Gidansu gidan masu hali ne, kuma bayi ne ke noma gonar. Mahaifinsa, John Ross Key, ya yi wa Amurka yaƙin neman 'yanci daga Birtaniya, amma ƙanin mahaifin, Philip Barton Key, ɓangaren Birtaniya ya bi a wannan yaƙin. A wajen wannan baffan nasa ne Francis ya fara koyon aikin lauya, bayan ya gama kwalejin St. John's da ke Annapolis a 1796.

A 1802 ya auri Mary Tayloe Lloyd, 'yar wani babban gida na masu gonaki, suka haifi 'ya'ya 11. Ba da daɗewa ba ya koma Georgetown, kusa da sabon babban birnin ƙasar, ya yi suna a kotuna. Mutum ne mai riƙon addini a cocin Episcopal, har ya taɓa tunanin barin aikin lauya ya zama limamin coci. Ƙanwarsa Anne ta auri abokinsa Roger B. Taney a 1806, wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalan Amurka.

Yaƙin 1812 da daren Fort McHenry

Amurka ta ƙaddamar da yaƙi a kan Birtaniya a 1812, saboda Birtaniya tana tare jiragen kasuwancinta, tana kuma kwashe matuƙansu tana cusa su aikin sojan ruwa da ƙarfi. Key bai goyi bayan yaƙin ba tun farko, musamman yunƙurin mamaye Kanada. Amma da yaƙin ya iso ƙofar gida sai ya shiga cikin 'yan sa-kai. Yana fagen daga a Bladensburg ranar 24 ga Agusta, 1814, inda aka tarwatsa sojojin Amurka. A daren nan sojojin Birtaniya suka shiga Washington, suka cinna wa majalisar dokoki da fadar shugaban ƙasa wuta.

A hanyarsu ta komawa jiragensu sai suka kama wani dattijon likita, William Beanes, don ya sa an tsare wasu sojojinsu da suka rabu da ayari. Abokan likitan suka roƙi Key ya je ya nemo sakinsa. Ya tafi tare da John Stuart Skinner, jami'in gwamnati mai kula da musayar fursunonin yaƙi. Ranar 7 ga Satumba suka hau jirgin yaƙi mai suna Tonnant, suka gana da Janar Robert Ross da Admiral Alexander Cochrane. Abin da ya sauko da Ross shi ne wasiƙun da suka zo da su daga sojojin Birtaniya masu rauni, waɗanda suka shaida cewa likitocin Amurka sun kula da su. Aka yarda a saki Beanes, amma aka hana su ukun tafiya, domin sun riga sun ga shirin kai wa Baltimore hari.

Da safiyar 13 ga Satumba aka buɗe wa Fort McHenry wuta. Jiragen Birtaniya sun tsaya can nesa inda igwa ta sansanin ba ta kaiwa, suka yi ta harba bama-bamai da rokoki na kusan awa 25, ana tsuga ruwan sama. Kwamandan sansanin, Manjo George Armistead, ya ƙiyasta bama-baman da aka harbo tsakanin 1,500 da 1,800. Mutum 4 suka mutu a ciki, 24 suka ji rauni. Key yana cikin jirgin sulhun da suka zo da shi, ana gadinsa. Muddin yana jin ƙarar harbi ya san sansanin bai faɗi ba. Da harbin ya tsaya kafin asuba, ba shi da hanyar sanin wanda ya yi nasara sai da gari ya waye ya hango tutar Amurka tana kaɗawa. A nan ya fara rubutu a bayan wata wasiƙa da ke aljihunsa, ya ƙarasa a wani masauki a Baltimore bayan an sake su ranar 16 ga wata.

Tutar da ya gani

Wata maɗinkiya a Baltimore, Mary Pickersgill, ita ta ɗinka tutar a 1813, da taimakon 'yarta da 'ya'yan danginta da wata yarinya baƙar fata mai suna Grace Wisher da aka ɗaure wa yarjejeniyar koyon sana'a a gidan. Faɗin tutar ƙafa 30 ne, tsawonta ƙafa 42, wato kusan mita 9 da mita 13. Taurari 15 gare ta da layuka 15, bisa dokar 1794 da aka yi bayan shigowar jihohin Vermont da Kentucky, ko da yake a 1814 jihohin sun kai 18. Sai a 1818 majalisa ta mayar da layukan 13 don tunawa da yankunan da suka kafa ƙasar, ta kuma ce kowace sabuwar jiha a ƙara mata tauraro ɗaya. Ta haka aka kai taurari 50 a 1960. Masana tarihi da yawa na ganin wata ƙaramar tuta ta lokacin hadari ce ta kwana a sama, babbar kuwa da safe aka ɗaga ta.

Waƙar

Alƙali Joseph Nicholson, mijin 'yar'uwar matar Key, wanda shi ma yana cikin sansanin a daren, shi ya kai rubutun maɗaba'a. Aka buga shi a takarda guda da sunan Defence of Fort M'Henry, jaridar Baltimore Patriot ta buga shi ranar 20 ga Satumba, kafin shekara ta ƙare wani shagon kayan kiɗa ya fitar da shi da sunan da aka san shi da shi yanzu. Kalmar spangle a Turanci tana nufin 'yan ƙananan abubuwa masu ƙyalli da ake ɗinkawa a jikin tufa don ado, saboda haka ma'anar sunan ita ce tutar da aka ƙawata da taurari masu walƙiya.

Baiti huɗu ne, kowanne da ɗango takwas, amma na farko kawai ake rerawa. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, wannan baitin na farko tambaya ne: mai magana yana tambayar na kusa da shi ko tutar tana nan. Amsar tana baiti na biyu, wanda Amurkawa kaɗan ne suka haddace. Ke nan a filin ƙwallo da wajen bikin rantsar da shugaba, a kan tambaya ake tsayawa a tafa.

Karin waƙar ba na Key ba ne, ba ma na Amurka ba ne. Wani Baturen Ingila, John Stafford Smith, ya tsara shi a shekarun 1770 don wata ƙungiyar masu shaƙatawa da kiɗa da shaye-shaye a Landan. Karin yana da wuyar rerawa, don yana sauka ƙasa sosai sannan ya hau sama fiye da yadda muryar yawancin mutane ke iya kaiwa. Key ya taɓa ɗora wata waƙa a kansa a 1805, a liyafar tarbar hafsoshin ruwa da suka dawo daga yaƙin da Amurka ta yi da Turabulus, a Libiya ta yau. A waccan waƙar ya siffanta taurarin tutar Amurka suna dushe hasken jinjirin wata na abokan gaba. Daga can ya ɗauko hoton tuta mai taurari.

Baiti na uku ne ya fi jawo magana, saboda yana murnar halakar sojojin haya da bayi. A watan Afrilu na 1814 Cochrane ya yi shela cewa duk bawan da ya gudo wajen Birtaniya za a 'yanta shi. Dubbai suka gudu, wasu aka ba su kaki da bindiga, suka yaƙi Amurka a Bladensburg inda Key ya ga an kori nasu. Wasu masana suna cewa waɗannan yake nufi. Wasu kuma suna cewa kalmomin zagi ne da aka saba jifan sojan sarki da su a lokacin. Key bai bar bayani a kai ba.

Waƙar ta daɗe tana gogayya da wasu waƙoƙin kishin ƙasa kamar Hail, Columbia. Rundunar sojan ruwa ta karɓe ta a 1889, Shugaba Woodrow Wilson ya ba da umarnin amfani da ita a bukukuwan soja a 1916, sannan Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar da ta mai da ita taken ƙasa ranar 3 ga Maris, 1931, shekara 88 bayan mutuwar marubucinta.

Bauta da Laberiya

Key ya sayi bawansa na farko wajen 1800. Yana da bayi 6 a 1820, ya 'yanta 7 a shekarun 1830, ya mutu ya bar 8. A kotu ya tsaya wa bayi masu neman 'yanci ba tare da karɓar kuɗi ba, ya kuma tsaya wa iyayengiji masu neman a dawo musu da bayin da suka gudu. Yana kiran bauta mugun abu, amma bai yarda baƙaƙe da farare za su iya zama ƙasa ɗaya a matsayin daidai ba.

Wannan ra'ayin ne ya sa ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar American Colonization Society a ƙarshen 1816, mai burin kwashe 'yantattun baƙaƙen fata zuwa Afirka ta Yamma. Yawancinsu ba su so ba. A Janairun 1817 dubbai suka taru a wani coci a Philadelphia suka ce Amurka ce ƙasar haihuwarsu, ba inda za su je. Duk da haka ƙungiyar ta kafa matsuguni a 1822 a inda birnin Monrovia yake yanzu, wanda ya zama ƙasar Laberiya a 1847. Shi ya sa tutar Laberiya take kama da ta Amurka, da layuka 11 da tauraro ɗaya.

A 1825 Key ya tsaya gaban Kotun Ƙoli a shari'ar jirgin Antelope, wanda aka kama a 1820 kusa da Florida ɗauke da 'yan Afirka kusan 280. Ya nemi a sake su duka. Kotun ta raba hukuncin: sama da 100 aka kai Laberiya a 1827, sama da 30 suka ci gaba da zama bayi, da yawa kuma sun mutu ana jiran shari'a.

Mai gabatar da ƙara

Shugaba Andrew Jackson, wanda Key yake cikin na hannun damansa, shi ya naɗa shi a 1833. Shi ya gurfanar da Richard Lawrence, wanda ya yi yunƙurin harbe Jackson a Janairun 1835, amma kotu ta ce mutumin yana da taɓin hankali.

A watan Agustan wannan shekarar aka zargi wani matashin bawa, Arthur Bowen, da shiga ɗakin uwargijiyarsa da gatari cikin dare. Gungun fararen fata suka bazu cikin Washington suna farfasa makarantu da wuraren sana'ar baƙaƙe. Key ya sa aka yanke wa Bowen hukuncin rataya, sai da uwargijiyar da kanta ta yi ta roƙo kafin Jackson ya yi masa afuwa. Key ya ɗora laifin tarzomar a kan masu fafutukar soke bauta. Ya kama wani likita, Reuben Crandall, don an sami takardunsu a wajensa. Crandall ya yi wata takwas a kurkuku, aka wanke shi a Afrilun 1836, amma ya fito da tarin fuka, ya mutu a 1838. A wannan shari'ar babu yadda za a kare Key da cewa haka zamaninsa yake, domin mutanen zamanin nasa ne suka saurari hujjarsa suka ƙi ta. Masu adawa da bauta sun riƙa juya kalmomin waƙarsa suna yi masa ba'a da su tun yana raye.

Mutuwa da abin da ya biyo baya

Key ya mutu da ciwon huhu a gidan 'yarsa Elizabeth Howard a Baltimore, yana da shekara 63. A 1866 aka mayar da gawarsa maƙabartar Mount Olivet da ke Frederick. Surukinsa Taney shi ya rubuta hukuncin Dred Scott na 1857, wanda ya ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasar Amurka ba. A Satumban 1861, farkon yaƙin basasa, gwamnati ta kama jikansa Francis Key Howard, editan jarida mai sukar Shugaba Abraham Lincoln, ta tsare shi a Fort McHenry, shekara 47 cif bayan daren da kakansa ya kwana yana kallon wurin.

An sa wa gadoji biyu sunansa, ɗaya a Washington ɗaya a Baltimore. Ta Baltimore ta rufta ranar 26 ga Maris, 2024, da jirgin dakon kaya mai suna Dali ya buge ta, ma'aikata 6 suka mutu. A 2016 ɗan wasa Colin Kaepernick ya fara durƙusawa lokacin rera taken don nuna adawa da kisan baƙaƙen fata, a Yunin 2020 kuma masu zanga-zanga suka tumɓuke gunkin Key a San Francisco.

Tutar kuwa iyalan Armistead ne suka riƙe ta shekaru da dama, suna yanko ƙyallaye daga jikinta suna ba mutane tsaraba. A 1907 ta isa cibiyar Smithsonian a Washington, inda take ajiye a ɗaki mai ƙarancin haske. Tsawonta ya ragu zuwa ƙafa 34, tauraro ɗaya kuma an yanke shi, har yau ba a gano inda yake ba.